Sunan Ɗan Fari

Atika ba ta taɓa kiran ɗanta na fari da sunansa ba, kuma babu wanda ya ga laifinta a ƙauyen Kwalkwalawa, don haka ta tarar ana yi. Yana jinjiri, kakarsa ce ta goya shi. Da ya tasa, "kai yaro" ne idan yana kusa, "wancan" idan ya ba da baya. Ko tuwo za ta ba shi, sai ta ajiye kwanon ta kawar da kai, kamar ba ita ta ƙara masa nama a ƙarƙashin miya ba. Mu ma bari mu taya ta kunyar, mu bar sunan tukuna.

Da damina gulbi ya kawo, kwalekwale ya kife da ɗan nata a hanyar fadama. Aka samu gawa, aka yi masa sutura, wayarsa kuwa ruwa ya ci. Mata suka cika gida suna yaba haƙurin Atika, wai ko hawaye ba ta zubar ba, wai kunya ta gada kaka da kakanni. Yabon nan ya fi mata zagi ciwo, amma ta haɗiye.

Abin da ya kasa haɗiyuwa daga baya ya zo. Fuskar yaron ta fara ɓace mata. Tana tuna tafiyarsa, tana tuna yadda yake gyaran murya kafin ya yi sallama, amma in ta rufe ido ta nemi fuskar, sai ta ƙaninsa ta fito. Ai dole. Idon da ya shafe shekaru yana kaucewa, me ya ajiye? Ta tuna wata salla da ya shigo da hoto ya miƙa mata yana washe baki, ta ce ya kai wa ƙannensa su gani. Hoton nan a aljihunsa yake zama, tare suka shiga ruwa.

Jelani, abokin marigayin, shi ya gaya mata cewa a unguwar Gidan Igwai, cikin birnin Sakkwato, aka ɗauki hoton, a shagon wata mata mai suna Rahila, kuma ita ba ta zubar da hoton kowa. Da safe Atika ta yafa mayafi. Mijinta, Malam Illo, yana gyaran fartanya a zaure.

"Mi za ki yi da hoto?" in ji shi. "Addu'a shika so."

"Addu'a ina yi. Hoton ma ina so."

"Sai duniya ta ji kin tahi birni biɗan hoton ɗan hwari?"

"Ta ji," in ji Atika, ta sa takalmi.

Malam Illo ya san in ta yi irin wannan murya, ko jaki ya fi ta jin magana. Sai ya aika a gaya wa ƙanwarsa Murja ta bi ta, ta dawo da ita kafin zance ya bazu.

Shagon Rahila ɗan ƙarami ne, tsakanin mai gyaran waya da mai tuyar awara, ƙarar Keke Napep ba ta barin mutum ya ji tunaninsa. Rahila 'yar wani malamin makaranta ce da aiki ya kawo shi daga Filato, amma a nan Sakkwato ta yi wayo. Ta ba Atika kujera da ruwa, ta jawo kwamfuta.

"Ɗiyata, hoton yaro nika biɗa. Ya rasu."

"Allah ya ji ƙansa, Mama. Mene ne sunansa?"

Atika ta dubi bango. "Dogo na, baƙi, da wushirya."

"Mama, ai rabin samarin Sakkwato ke nan."

"Ba ni hwaɗin sunanai."

Nan take Rahila ta gane. Ta zauna da Hausawa, ta san uwar da ke cewa haka. Ba ta matsa ba, sai ta juyo da fuskar kwamfutar ta yi mata bayani. Hotuna dubbai ne a ciki, kuma kyamara lambobi kawai take ba su, marasa kan gado. A da takan zuba su a folda-folda, in aka zo nema ta yini tana buɗewa tana rufewa, har ta samu wata manhaja da ke rataya wa kowane fayil alama. Hoto ɗaya yana iya ɗaukar alama da yawa: sunan mai shi, unguwarsa, da dalilin ɗauka. Duk inda ya shige, in aka kira alamarsa, zai fito.

"Kamar tsumman da muka ɗaure wa kaji a ƙahwa," in ji Atika.

"Shi ke nan, Mama, kin gama karatu. Bari mu bi ta bayan gida."

Ta danna alamar Kwalkwalawa, hotuna suka zubo. Ta ƙara alamar salla, suka ragu. Ta ƙara ta maza, suka sake raguwa. Atika ta matso da kujera, tana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ga ɗan mai unguwa da hular aro, ga Jelani ya dafa kujera kamar gwamna. Kowa ya fito, ban da wanda ake nema. Suka gwada alamar ƙaramar salla, suka gwada ta hoton fasfo, har da ta masu farar shadda. Shiru.

Rahila ta sauke ajiyar zuciya. "Matsalar samarin ƙauyenku, Mama, in sun sha wanka na tambaye su daga ina, sai su ce min daga Jami'a, tunda kuna maƙwabtaka da ita. Ni kuma abin da aka faɗa min nake ratayawa. Hotunan Jami'a kuwa, sai mu kai magariba ba mu gama ba. Suna ne kawai ba ya ƙarya."

Ana cikin haka Murja ta faɗo shagon tana haki, mayafi ya karkace.

"Haba Atika! Mi aka yi haka? Mutanen gari na ta yaba ki, kin zo nan kina zubar da mutuncinki gaban na'ura? Tashi mu tahi."

"Ba ni tashi."

"Wanda yat tahi ya tahi. Hoto na maido shi?"

Atika ba ta ko dube ta ba. Rahila ta ga mafita ta samu, ta ce, "Anti, ke ba ɗanki ba ne. Faɗa min sunan, yanzu a gama."

Murja ta yi tsaki. Ta ga in ba haka ba, za a yini a nan, masu awara har sun fara leƙe. "To, rubuta. Sunanai..."

"Tsaya!"

Atika ce. Muryar ta fito da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba. Haushi ne ya taso mata, haushin matan da suka yabe ta, da na kanta da ta ji daɗin a ce tana da kunya. Yana raye an karɓe mata goyo, an karɓe mata kira, yanzu kuma a gabanta wata za ta kira mata shi?

"Ke kika yi naƙudatai, Murja? Ni na haihe shi."

Ta juya ga Rahila. Leɓɓanta ba su san hanyar kalmar ba.

"Mu'az," ta ce. "Sunanai Mu'az."

Murja ta dafe baki. Rahila ta sunkuyar da kai ta buga haruffan. 'Yan hotuna suka fito, Mu'az iri-iri, wani yaro, wani mai gemu. Atika ta ɗora yatsa a kan ɗaya. Rahila ta buɗe shi ya cika fuskar kwamfutar.

Ga shi nan cikin shuɗiyar shadda, ya tura hula gaban goshi, yana dariya. Ashe yana da ɗan tabo a gefen gira. Ashe kunnuwanta ya ɗauko. Atika ta dube shi ido cikin ido, ba ta kawar da kai ba, hawaye na zuba ba ta share ba. Masu leƙe su leƙa.

Can ta nuna ƙananan rubutun da ke gefen hoton. "Waɗanga su na alamun nai? Karanta min."

"Mu'az. Babbar salla. Jami'a."

"Ja'iri," in ji Atika, dariya da kuka suka haɗe mata. "Shi da ko ƙohwar Jami'a shinkahwa ɗai shika kaiwa."

"In goge, Mama?"

"Bar mai abinai. Akwai wurin ƙara wata?"

"Ko nawa kike so."

"To, ƙara. Sa ɗan Atika."