Genji da Sabon Lamba Goma

A garinmu ba a ambaton Nakazato Genji a rufe baki ba a haɗa da Iwabuchi Toshiharu ba. Genji ne lamba tara, mai zaro ƙwallo daga ƙarƙashin ƙafafun masu turereniya. Toshi kuma lamba goma, wanda ake jefa wa ita ya yanke inda za a nufa. Haka suke tun suna samari a ƙungiyar zari-ruga ta masana'antar ƙarfe. Da aiki ya ja baya, Genji ya koma sayar da kifi a kasuwar bakin teku, Toshi ya daure har ya yi ritaya, amma babu wanda ya ajiye takalmin wasa. Suka koma ƙungiyar tsofaffi, inda launin gajeren wando ke faɗin shekarun mutum. Genji na sa ja, na 'yan sittin. Toshi ya riga ya shiga rawaya, na 'yan saba'in.

Bara da kaka garinmu ya karɓi baƙuncin gasar tsofaffi. Aka zo daga Koriya da Taiwan da Ostireliya. A ranar ƙarshe akan tsamo gwanaye daga duk ƙungiyoyin, a haɗa su wuri ɗaya su kara da tsofaffin ɗaliban wata jami'a da ke zuwa daga Tokyo. Ni, Okubo, tsohon alƙalin wasa, aka ɗora wa zaɓen tara da goma, wai don na saba jin zagi.

Tara bai ba ni wahala ba. Genji gajere ne, ƙafafunsa kamar baka, bakinsa ba ya hutawa, amma a gasar nan babu wanda ya kama ƙafarsa. Goma ne ya dame ni. 'Yan Taiwan sun zo da wani dogon mutum mai suna Kao, tsohon direban bas, mara yawan magana. Kafin ƙwallo ta iso hannunsa ya riga ya san inda gibi yake. Shi kuwa Toshi, a wasanmu da Koriya ƙwallo ta suɓuce masa har sau nawa. Akwai wadda ta wuce ta gefen kunnensa bai ko ɗaga hannu ba. Genji ya yi ta ɗaga murya yana cewa laifinsa ne, shi ya jefa ba daidai ba. Duk wanda ke filin ya san ba haka ba ne.

Da la'asar ina gida sai ga Sumie, matar Toshi, da ƙunshin 'ya'yan itace daga lambunta. Ta ƙi shigowa, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Okubo-san, idonsa na hagu ya riga ya tafi," ta ce. "Na daman ma ya fara bi. Likita ya ce daga wannan gasar shi ke nan."

"Genji ya sani?"

"Babu wanda ya sani. Kuma Toshi bai san na zo ba, idan ya ji sai ya yi sati bai yi mini magana ba." Ta gyara riƙon jakarta. "Ba roƙonka na zo yi ba. Ni dai na ga gara ka sani kafin ka yanke."

Ta rusuna ta tafi, ta bar ni da kaya. Na zauna na yi ta juya maganar har shayina ya huce. Idan na ba Toshi, kowa zai gane tausayi ne, shi ma zai gane, kuma a gaban 'yan Tokyo ƙwallo za ta ci gaba da suɓuce masa. Idan na hana shi, wasansa na ƙarshe a duniya shi ne wancan na Koriya.

Washegari a wajen cin abincin rana na miƙe na faɗi zaɓina: tara Nakazato, goma Kao. 'Yan Taiwan suka ɗau tafi. Toshi ma ya tafa, har ya ɗan rusuna wa Kao daga inda yake. Genji ya ajiye tsinkayen cin abincinsa a kan kwano, ya tashi ya fice.

Da gari ya waye na bi shi kasuwa. Na same shi yana yanka kifi kamar kifin ne ya yi masa laifi.

"A'a, ga mai busa usur," ya ce bai ɗago ba. "Ka zo ka zaɓi kifin da ya fi iya wasa ne?"

"Genji, gobe ne wasan."

"Ka nemi wani tara. Akwai na Ostireliya, mai tumbin nan. Ni ban san wani goma ba. Shekara arba'in ina jefa wa mutum ɗaya ƙwallo, sai yanzu da tsufana za ka haɗa ni da wanda ko sunansa ban iya faɗa ba?"

"Kao. Mene ne wahalar faɗar Kao?"

Ba ni na ba da amsar nan ba. Toshi ne a bayana, da ƙwallo a hammata, ga Kao tsaye kusa da shi yana ta murmushin rashin sanin abin da ake ciki.

"Toshi-san, kai ma ka san zalunci ne," Genji ya ce.

"Rufe mana baki, mai ƙarnin kifi. Da ya zaɓe ni da na daina gaishe shi." Toshi ya nuna fuskarsa da yatsa. "Wannan ba ya gani. Wannan kuma hazo-hazo. Kana ta ihu wai kai ka jefa ba daidai ba, ka ɗauka ban ji ba? Tun da nake da kai ban taɓa jin ka amsa laifi ba sai shekaranjiya. Shi ya fi komai ba ni kunya."

Genji ya tsaya da wuƙa a hannu. Can ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun bazara. Wanke hannunka, muna da aiki."

Muka tafi filin da ke bayan makarantar firamare. Kao na jin Japananci kaɗan, irin na tsofaffi, wanda ya tsinta a bakin kakarsa. Sauran kuma Toshi ya cike da hannu da ƙafa. Ya tsayar da shi, ya ja shi baya taku kaɗan.

"Nan za ka tsaya. Wannan ɗan banzan ba ya jefa wa mutum, gaban mutum yake jefawa, sai ka shigo a guje. In ya gaji kuma ƙasa-ƙasa take zuwa, ka rage tsawo." Ya kwaikwayi Genji yana share hanci da babban yatsa. "In ka ga ya yi haka, kada ka jira komai. Son kai ya motsa, da kansa zai ruga."

"Ƙarya kake, ni ba na yin haka!" Genji ya ce.

"Kana yi," ni da Toshi muka ce a tare. Kao ya fashe da dariya har da riƙe gwiwa.

Sun yi ta jifa har rana ta take. Da farko Genji na jefawa da gayya, da ƙarfi, fuska a murtuke. Kao na cafewa yana cewa "Kuma." A hankali gayyar ta fita.

Ranar wasa iska na kaɗowa daga teku, masu gasa kifi sun cika bakin fili da hayaƙi. Na zauna a benci ɗaya da Toshi da Sumie. Jifan farko Genji ya waiga inda Toshi ya saba tsayawa, ƙwallo ta faɗi ƙasa, 'yan Tokyo suka kwashe. Na biyu ma da ƙyar. Daga nan abin ya fara zama.

Idan wasa ya koma can ƙarshen fili Toshi ba ya iya bambance kowa. Sai na ji yana tambayar matarsa ƙasa-ƙasa.

"Genji ya zaro?"

"Ya zaro. Ya jefa."

"Ya kama?"

"Ya kama. Ga shi can ya ratsa tsakanin biyu. Ya miƙa wa na Koriya. Toshi, sun kai layi, sun ci maki!"

Toshi ya miƙe tsaye yana buga hularsa a cinya. "Na gaya masa ya shigo a guje! Ba na gaya masa ba?" Sumie ta ce ya gaya masa, ta juya kai gefe tana goge ido.

'Yan Tokyo ne suka ci wasan da ɗan ƙaramin rata, don sun fi mu yawan masu ƙarfin gwiwa. Da aka tashi Kao ya zo ya cire rigarsa mai lamba goma zai ba Toshi. Toshi ya tura masa abinsa.

"Taka ce, da guminka ka samu. In kana son yi mini alheri, ka tafi da mai ƙarnin kifin can Taiwan, mu huta."

Genji ya zube a ciyawa kusa da ƙafafun Toshi yana haki. "Ya iya," ya ce. "Amma ba ya zagina. Sai na ji kamar ba wasa nake ba."

Toshi bai sake shiga fili ba. An yi masa aiki a idon dama da sanyin nan, an ceto abin da ya rage, yana iya zuwa kasuwa shi kaɗai. Genji kuwa har yau yana wasa. Tun daga lokacin ƙungiyarmu ta gwada masa masu lamba goma har mutum biyu, kowanne ya zo ya same ni ya ce don girman Allah a mayar da shi wani wurin.