Matuƙin Farko

Mukhtaru na gyara zaman hularsa a gaban kyamara, sai Talal, manajan kamfanin, ya sunkuyo kusa da kunnensa, ya kira shi ammi, wato kawu da Larabci.

"Ya ammi, a taƙaice. Ka ce kai ne matuƙin farko da kakana ya ɗauka aiki. Halas, shi ke nan."

Tsohon ya ɗaga kai. Ya bi hotunan da aka jera a bangon sabon ofishin na Makka da kallo, don yau kamfani ke bikin tunawa da kafuwarsa. Ga marigayi Hamad, kakan Talal, an rubuta shi ya kafa. Ga 'ya'yan Hamad, waɗanda suka sayar wa wani attajirin Jidda da kamfanin tun ƙasar kabarin ubansu ba ta bushe ba. Ga attajirin, wanda ya karyar da jiragen ruwan kamfanin ya sayo motocin jigilar alhazai, ya bar wa jikan Hamad kujera albarkacin suna. Kowa da hotonsa, har wanda bai taɓa jin ƙarnin teku ba.

Shi kuwa Mukhtaru da ya tara gumin dako a tashar Jizan ya sayi jirgin fito na farko, ya riƙa kai mutane da awaki da buhunan gari tsakanin tsibiran Farasan, ko inuwarsa babu. Baƙo ne, ta Sudan ya shigo, doka ba ta yarda ya mallaki irin wannan sana'a ba. Sai ya sa sunan amininsa Hamad, yadda baƙi da yawa suke yi a lokacin. Shaidarsu kaɗai Fatihar da suka shafa bayan la'asar. Hamad ya riƙe amana har ya koma ga Allah, amma Fatiha ba ta shiga rabon gado.

A bayan mai kyamara Ismail, ɗan Mukhtaru, ke tsaye cikin rigar direbobin kamfanin. Tun daga unguwarsu ta Hindawiyya yake roƙonsa a mota.

"Baba, don Allah kar ka ɗauko zancen jirgin nan. Aron suna laifi ne babba yanzu. Iƙamata da ta yara, takardun zamanmu a ƙasar nan, duk a hannunsu suke, suka janye mun kaɗe."

Matar da ke tambayoyin, Manar, ta yi murmushi ta ce, "Ammi Mukhtar, wa ya kawo shawarar sayen jirgin farko?"

Amsar ta taso masa har maƙogwaro. Rabin rayuwarsa yake jiran wani ya yi masa wannan tambaya a gaban jama'a, sai ga ta ta zo ranar da ba ta amsuwa. Ya dubi Ismail. Namiji har da furfura a gemu, amma ga shi yana zufa cikin sanyin na'ura, ya ƙanƙame makullin mota kamar za a ƙwace.

"Hamad ne, Allah ya jiƙansa," in ji Mukhtaru da Larabci. "Ni tuƙi kawai na yi."

Aka yi tafi. Talal ya sumbaci kan tsohon, aka miƙo masa gahawa da dabino. Ya kurɓa, baƙin ciki ya hana shi jin ɗanɗanonta.

A waje Ismail ya kama hannunsa suka tsallaka titi. Fuskarsa ta washe, rabon da uban ya gan shi haka an jima.

"Na gode, Baba," ya ce. Sannan ya sassauta murya. "Wallahi na ji daɗi da ka faɗi gaskiya yau. Tun muna yara nake jin nauyi in ka fara labarin nan a cikin mutane. Tuƙi ai ba abin kunya ba ne, ni ma shi nake yi. Da tun farko haka ka gaya mana."

Mukhtaru ya tsaya cak, ya dubi ɗansa. Babu wasa a idonsa, tausayi ne zalla. Tsohon ya juya wajen motar.

"Yalla, buɗe motar," ya ce. "Rana na dukana."