Bodil ta Farko

Janessa ce 'yar bokon gidan, don haka ita aka ɗora wa binciko tarihin Maren, kakar kakanninsu da ta taso daga Denmark, ta ƙetare teku zuwa Amurka, ta turo amalanke da ƙafa har jihar Utah. A shafin tarihin zuri'a na intanet ta tarar an rubuta wa Maren 'ya'ya goma, biyu duk sunansu Bodil. Ta ce ai maimaici ne, ta haɗe su, ta shaida wa dangi tara ne.

A kan maganarta Goggo LaRue ta ɗinka bargon taron dangi, kowane ɗan Maren da ƙyallensa da sunansa. Hunturu guda ta yi tana fama, da yatsun da sanyin ƙashi ya kanannaɗe.

Taro ya matso, sai rajistar ayarin su Maren ta iso daga ma'adanar tarihi. Cikin waɗanda suka rasu a hanya akwai Bodil, 'yar goye, an binne ta a dajin Wyoming. Washegari Maren ta ci gaba da tura amalankenta. Da ta sake haihuwar mace a Utah, ta mayar da sunan, kamar yadda mutanensu suka saba.

Janessa ta ji kamar da hannunta ta sake binne yarinyar. Babu wanda ya sani, babu kuma mai tambaya. Ta yi ta kewaya gidan Goggo a mota kafin ta iya shiga.

Ta same ta tana ninke bargon.

"Ranki ya daɗe, farfesa. Yau wa aka tono mana?" in ji Goggo.

"Goggo, goma ne. Akwai wata Bodil kafin tamu. Ni na goge ta."

Goggo ta cire tabarau, ta saurara har ƙarshe.

"Sai yanzu? Da na gama kashe yatsuna?"

"Zan biya tela ya..."

"Tela? A bargon Maren? Ke dai karatu bai bar miki kunya ba."

Ta baza bargon, ta dube shi sama da ƙasa. Ko tafin hannu babu inda za a sa.

"Sai an farke layin farko gaba ɗaya," in ji ta. "Ba zan manna ta a baya kamar bare ba."

"Ban iya ɗinki ba, Goggo."

"Farkewa kuma ai kin ƙware."

Ta miƙa mata ƙaramin almakashi. Janessa ta zauna a ƙasa, ta ja gefen bargon kan cinyarta, ta soma tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya.