Kafofin Bango

Tun Tela yana ƙarami ya san tarin babansa kamar yadda ya san muryarsa. Baba mai faci ne, a bakin babbar hanya ya ƙarar da ƙarfinsa, kullum a tsugune, hancinsa daidai salansar manyan motoci. Gidansu ma nan yake bayan rumfar. In Inna ta shanya farin zane da safe, kafin la'asar ya koma ruwan toka. Da tsufa ya zo sai ƙirjin Baba ya kama kuka kamar tsohon famfon taya, ga shi babu mai iya yi masa faci.

Da aka tashi faɗaɗa hanyar, sai aka ba mutanen wurin ɗakuna a wasu sababbin gidaje. Tela ya fi kowa murna. Gidajen sun juya wa titi baya, tsakaninsu da shi akwai jerin itatuwa, mota kuma ba ta shiga, a bakin ƙofa ake barinta. Ranar ba da makullai, matar da ta zana gidajen ta zagaya da su da kanta. Ta nuna musu wasu kafofi a bango, na ƙasa kusa da daɓe, na sama gab da rufi. Ta ce iska mai kyau ta ƙasa take shigowa ta kori gurɓatacciya ta sama, ko da ƙofa da taga suna rufe. Ta roƙe su kada a toshe, kada kuma a hura gawayi a ɗaka, tunda ga murhun gas an sa wa kowa.

Inna ta bari sai da matar ta fita, sannan ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin an gina gida an bar wa ɓera tasa ƙofar daban ba. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce ai gara ɓera, shi ba ya mita.

Lokacin zafi ya wuce lafiya. Baba har fita yake yi ya zauna ƙarƙashin itatuwan, yana gaya wa maƙwabta wace taya ce za ta yi ƙarko, ba tare da an tambaye shi ba. Tarin bai tafi ba, amma ya yi sauƙi. Tela kan tsaya a bakin ƙofa ya saurara, ya tafi shagonsa na ɗinki da farin ciki.

Sai damina ta faɗi. Iska mai sanyi ta riƙa shigowa ta kafofin ƙasa tana kaɗa gefen zanen gado. A wurin Inna kuwa babu abokin gabar ƙirji kamar sanyi. Haka uwarta ta gaya mata, haka ta reni 'ya'yanta. Dama Tela kan kawo mata ƙyallayen da suka rage a shago ta cusa a matashi. Wata rana ya dawo ya tarar da su a bango, ja da kore da mai fure, kowace kafa an ɗura mata har wuya.

Da safe kafin ya fita ya zare su a hankali ya mayar cikin buhu. Da yamma ya tarar sun koma. Haka suka yi ta yi, shi ya cire, ita ta mayar, kowa yana gaida kowa kamar ba abin da ke faruwa. Ranar da ya daure ya yi magana, kansa a sunkuye ya yi ta, ya tuna mata abin da matar nan ta ce.

"Tun kana goye a bayana nake jinyar mutumin nan," in ji Inna. "Yau wata mai biro ce za ta koya mini mijina?"

Daga kan gado Baba ya ce, "Ƙyale ta, ɗana. Ta gama da bakina ne, ta koma kan bango."

Aka yi dariya, magana ta mutu. Bayan haka Tela ya soma jin ƙaurin gawayi a labule. Ya leƙa ƙarƙashin gado ya ga tsohon kaskon wutar Inna, wanda ta ɓoyo cikin tukwane ranar ƙaura. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce a ransa gobe zai ɗauke, in ta fita. Goben ta yi ta zuwa tana wucewa.

Ranar da abin ya faru, ruwa ya wuni yana zuba. Da la'asar Tela ya rufe shago da wuri ya dawo a jiƙe. Yana tura ƙofa wani ɗumi mai nauyi ya tare shi. Taga a rufe, an rataya bargo a kanta. Inna na zaune a tabarma kusa da ƙofa, ta jingina da bango, ta ɗaure kai tamau da ɗankwali, idanunta sun yi ja. Ta ɗaga hannu da ƙyar.

"Yi a hankali, ya samu barci. Tun azahar ko tari ɗaya bai yi ba."

Kaskon na gefen gado, garwashi ya yi jajir, ba ko hayaƙi. Fuskar Baba ta yi kyau, ta yi santsi, kamar an rage masa shekaru. Tela ya fizge bargon, ya banke taga, ya jawo Inna waje tana yi masa faɗa zai sa wa babansa sanyi. Maƙwabta suka taimaka aka kai su asibiti, amma Baba ya riga ya cika. Likita ya ja Tela gefe ya gaya masa gawayi ne a rufaffen ɗaki. Ya ce iskar ba ta da wari, sai dai ta sa mutum barci. Ita kuwa Inna, iskar da ke shiga ta ƙarƙashin ƙofa ce ta cece ta. Tela ya roƙe shi kada ya faɗa mata. Duk wanda ya zo gaisuwa, tsohon ciwon ƙirji aka ce masa.

Da baƙi suka watse, gida ya rage su biyu. Wata safiya hadari ya sake haɗowa. Tela ya fito ya tarar da Inna a ɗakin Baba, ta jawo akwatin kaya daga jikin bango. A bayansa akwai kafa ɗaya, a buɗe. Ta ce ta yi ta tunani har ta gano, wannan ce ta manta, ta nan sanyin ya shigo ya ɗauke mata shi. Ta ce ya samo siminti a liƙe su duka, kowa ya huta. Kaskon na gabanta, ta riga ta jera gawayi. Ta miƙo hannu ta ce ya ba ta ashana, ƙafafunta sun yi sanyi.

Tela ya dubi hannun. Ya san in ya yi shiru zai tafi shago, ita kuma za ta rufe ƙofa. Ya durƙusa a gabanta, ya riƙe hannun da nasa biyu.

"Inna," ya ce, "ba sanyi ba ne."

Ta dube shi. Ta dubi kafar bangon. Daga nan idonta ya sauko kan kaskon, ya tsaya a wurin. A hankali ta zare hannunta daga nasa.