Baƙa Ba Toro Ba Ce

Chindo, kai ka mai da ni maƙaryaciya a gaban matan garin nan, kai kuma ka sa agwagwata ta kwanta kwana talatin da biyar a kan ƙwan da ba kome a cikinsa. Ni Kande na faɗa, ba kuwa zan janye ba.

Mu goma sha ɗaya ne masu kiwon agwagi a ƙauyenmu, gabas da Sae Sabuwa. Toro, namijin agwagwa, ci gare shi kamar jaki, mace ɗaya ba ta iya riƙonsa. Shi ya sa muka haɗa gero tiya-tiya, aka sayo mana guda a kasuwar Gidan Rumji. Ya yi kwana bakwai gidan wannan, ya wuce gidan waccan. Mazauninsa gidan shugabarmu Mariyama, matar Chindo. Shekara uku ba wanda ya ji kanmu.

Sai aka yi babban taro a Yamai, aka ce kowa ya kama partinsa. Motoci suka yi ta shigowa ana rabon zane. Na karɓi na waɗanda suka fara zuwa, don nawa ya mutu, kuma zane dai zane ne. Ashe ba na partin Chindo ba ne.

Ana saura kwana biyu toro ya zo gidana, Chindo ya leƙo ta kan darni. Daidai lokacin Baƙa, babbar agwagwata, ta haye kan ƙaramar, ta cafke ƙeyarta da baki, ta danne ta a bakin kwatami.

Ya ce, "Lallai Inna Kande! Kin ɓoye toro a gida kina cin rabon marasa shi?"

Na ce, "Kai yaro, mace ce. Bara 'ya'ya tara ta ƙyanƙyashe."

"Mace ke hawan mace? Wanga sabon salo kuma daga wane parti?"

Wanda bai taɓa zama da agwagi ba shi ke irin wannan tambaya. In ba namiji a gida, babba ke hawan na ƙasa da ita, don a san wa ke fara sa baki a kasko, wa ke gaba in za a tabki. Wani lokacin ma ƙaramar ce ke kwantar da wuya da kanta, don jikinta na neman toro bai samu ba. Girma ne da ƙishirwa. Hawan ba ya sa ɗa a ƙwai. Shekara arba'in ina kallon haka.

Chindo ya kai wa mata zancen wai toro nake ɓoyo, ni kuma duk na gaya musu wannan ranar taronmu. Suka sunkuyar da kai. Sun sani sarai, nasu ma na yi. Amma bakwai daga cikinsu zanen partin Chindo ke ɗaure a ƙugunsu. Mariyama ba ta dube ni ba ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, maigida ya gani da idonsa." Aka tsallake gidana, toro bai zo ba.

Baƙa ta zuba ƙwai goma sha huɗu ta hau kwanci. Na ɗage ta, ta koma. Na kwashe ƙwan na ɓoye, ta kwanta a ramin haka nan tana huci, har tausayi ya sa na mayar mata. Ta rame, ƙashin ƙirjinta kamar wuƙa. Da kwanakin suka cika, baragurbi ya fara fashewa a ƙarƙashinta.

Na rungume ta da warinta na kai ƙofar maigari.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga ta. A sa wani ya juya ta ya duba."

Dattawa suka toshe hanci suna dariya. Wani ya ce shi bai yi lakol, wato makarantar duba gindin agwagwa ba. Chindo na gefe a kan tabarma yana jan carbi. Maigari ya ce magana ce mai parti a ciki, a bar ta sai bayan zaɓe.

Bayan zaɓe! Tabkinmu ya san zaɓe ne? Ga shi ya ja baya har gindin gawo, wata ɗaya ya rage masa. Ɗan agwagwar da bai samu ruwan bana ba, sai baɗi, in da rai. Ni kuwa ba gona gare ni ba, ba ɗa namiji a kusa. Da su nake cin rani.

Da na dawo gida, ƙaramar ta ga Baƙa ba ƙarfi. Ta haye ta a gabana, ta danne, ta kore ta daga kasko. Baƙa ta raɓe jikin randa, ko kai ba ta ɗaga ba. Ban raba su ba. In na raba yau, gobe fa?

Toron kuwa yana nan, darni ɗaya ne tsakaninmu. Ina jin hucinsa, agwagina na kai da komo a jikin karan suna neman kafa.

Abin da nake so, Chindo ya fito gaban matan nan goma da ya kunyata ni a idonsu, ya ɗauki Baƙa da hannunsa, ya faɗi abin da ya gani. Sannan ya gaya mani wanda zai ciyar da ni ranin bana. Na koma ƙofar maigari, ina nan zaune har Chindo ya amsa.