Ɗan Janairu

Tsito ya yanke yaro na farko, ya zura wa na biyu ƙwallon ta tsakanin cinyoyi, 'yan kallo suka ɗauki sowa. Na ukun ko kallon ƙwallon bai yi ba. Kafaɗa kawai ya sa masa, Tsito ya tashi kamar tsumma ya faɗa bakin layi. Alƙalin wasa bai hura usur ba.

Uban Tsito yana tsaye a bayan wayar da ta kewaye filin, ya cusa yatsunsa masu tabon wuta cikin ramukanta. Walda yake yi, amma har yau abokansa Lamba Goma suke kiransa, don a ƙuruciya ya taka leda, saura ƙiris ya kai wani wuri gwiwa ta ci amanarsa. Tun Tsito na tatata yake gara masa ƙwallo a tsakar gida, yana jiran wannan rana da makarantar ƙwallo ke zaɓen yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu.

Da aka tashi, Koci ya jera yaran, ya bi layi yana nunawa da bakin usur. Wanda ya nuna ya fito gaba. Ya wuce Tsito kamar ya wuce turke.

Lamba Goma ya tare shi a bakin ƙofa.

"Koci, a fahimtar da ni. Yaron nan ya fi su iya wasa, kai ma ka gani."

"Na gani. Basira akwai, jiki ne babu. Wane wata aka haife shi?"

"Ƙarshen Disamba."

"Ai ka ji." Koci ya buɗe gorar ruwa ya kurɓa. "Mu daga ɗaya ga Janairu muke yanka shekara. Wancan da ya ture shi ɗan Janairu ne. Ajinsu ɗaya, amma ya ba shi kusan shekara guda a duniya. Waɗanda na ɗiba ka tambaye su, daga Janairu sai Fabrairu sai Maris."

"To ai zai girma."

"Zai girma mana. Kafin nan waɗannan sun ƙoshi da horo, shi yana can yana fasa wa mutane tagogi a lungu. Ni kuma kofin bana ake tambayata, ba na baɗi ba." Ya dafa kafaɗarsa yana dariya. "Da madam ta ɗan daure mako guda, da yanzu shi ne ƙato a ajin ƙasa."

Wasa Koci yake yi. Lamba Goma bai yi dariya ba. A kan babur, Tsito ya kama rigarsa ta baya kamar kullum, uban ya ce masa ya riƙe ƙarfen babur ɗin.

* * *

Sun tarar da Maman Tsito zaune kusa da keken ɗinkinta, ta ɗora ƙafafu a kan bokiti. Sun kumbura har ba ta iya taka keken. Daga awo ta dawo. Cikinta ya tsufa, hoton da aka ɗauka ya nuna namiji ne, lissafin haihuwa kuma tsakiyar Janairu.

"Baban Tsito, nas ta ce jinina ya hau sosai. Likita ya ce gobe in koma a kwantar da ni, su yi aiki su ciro shi. Wai ya yi ƙwari, zai rayu. In aka jira, daga ni har shi ba tabbas. Sun ce ka zo ka sa hannu."

Ya tsaya da mukullin babur a hannu. Ya ɗaga kai ya dubi kalandar kamfanin fenti da ke rataye a bango. Disamba ta yi nisa, amma da saura.

"Ba yanzu ba."

"Ba yanzu ba kamar yaya?"

"Likitocin nan in ba su yanka mutum ba abinci ba ya yi musu daɗi. Wace mai ciki ce ƙafarta ba ta kumbura? Ki bari wata ya mutu, ni da kaina zan kai ki."

"Me ya haɗa jinina da mutuwar wata?"

Ya ja kujera ya zauna, ya kwashe abin da Koci ya faɗa ya gaya mata, a natse, yana zana watanni da yatsa a kan tebur kamar mai auna ƙyaure. Ta saurara har ya gama. Ta daɗe da sanin cewa in ya yi magana da wannan muryar, gara ya yi faɗa.

"Saboda ƙwallo?" ta ce.

"Saboda rayuwar yaro. Kin riga kin yi mini gaggawa sau ɗaya, ga sakamakon can a tsaye."

Tsito yana bakin ƙofa, takalman wasansa rataye a wuya. Ya sunkuya ya kwance su, ya tura ƙarƙashin gado.

Da yamma Lamba Goma ya dawo da ƙwayoyin hawan jini daga kemis, da kankana, da sabon filo. Ya ɗebo ruwa, ya share ɗaki, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu. Ya hana ta ko ɗaga tsintsiya. Wayarta kuma ya sa a aljihunsa, wai ƙararta na tayar mata da jini.

* * *

Yayarta, wadda ke sayar da atamfa a kasuwa, ta zo da ta gaji da kira ba a ɗauka. Ta dubi fuskar ƙanwarta, idanun sun shige ciki, ta ajiye jaka.

"Tashi mu tafi."

"Yaya, ba a shiga tsakanin miji da mata," in ji Lamba Goma daga tsakar gida.

"Miji? Kai da ka mai da cikin mutum firji, a ajiye maka ɗa sai ranar da ka ga dama? Ƙwallon da ta bar ka da ɗingishi ita za ka ba ran 'yar mutane?"

"In ta taka ƙofar nan ba da izinina ba, ta wuce gidanku gaba ɗaya. Kuma ba ni sa hannu."

"Ni zan sa. Tashi, na ce."

Maman Tsito ta dafa bango ta miƙe. Kanta yana sarawa, wasu ƙananan taurari suna yawo a gabanta. Ta ce wa Tsito ya miƙo mata mayafi. Ya ɗauko, amma bai sake shi ba. Ya matso kusa da ita, ya yi ƙasa da murya don kada ubansa ya ji.

"Mama, ki daure mana. Kwana kaɗan ne."

"Kai ma?"

"Kada ya fito irina. Baba ba zai so shi ba."

Ta dube shi. Akwai ƙujewa a gwiwar hannunsa tun ranar zaɓen yara, ba wanda ya wanke masa. Tun ranar kuma ubansa bai kira sunansa ba, sai dai "kai". Ta saki mayafin a hannunsa, ta koma ta zauna a bakin gado.

"Yaya, ki je. Na ji sauƙi."

Yayar ta yi magiya, ta yi zagi, ta yi kuka. Daga ƙarshe ta ɗauki jakarta.

Kwanakin suka ja jiki. Lamba Goma kan dawo daga shago da wuri, ya durƙusa ya kara kunne a cikinta. Ranar da ta ce masa motsin ya ragu, ya ce ƙarfi yake tarawa. Ranar da ta ce tun jiya ba ta ji komai ba, ya ce manyan 'yan wasa ba su ɓarnar gudu. Ya yi dariya, ya dube ta don ta taya shi. Ta juya fuska bango.

* * *

Safiyar ɗaya ga Janairu Lamba Goma ya yi wanka, ya sa farar riga, ya ɗauko motar haya har ƙofar gida. A hanya yana ta jan direba da hirar wasan jiya. Ba su kai asibiti ba jijjiga ta kama ta, ta ciji harshe, jini ya ɓata masa hannun riga.

Aka shige da ita a kan gadon turawa. Aka miƙo masa takarda, ya sa hannu da sauri, har ya tambayi nas ko yau ɗin za a rubuta a matsayin ranar haihuwa. Ta dube shi, ta karɓe takardar ta wuce.

Suka zauna a bencin baranda, shi da Tsito, da tazarar mutum biyu a tsakaninsu. Yayar ta iso, ta tsaya can nesa, ta ƙi zama. Rana ta ɗaga. Mai shara ta zo ta goge ƙasa, suka ɗaga ƙafafu, ta wuce.

Likita ya fito yana cire hular aiki.

"Kai ne mijin? Ita mun samu ta tsaya, sai dai ƙodarta ta taɓu, za ta daɗe a nan. Yaron kuwa ya kwana biyu da rasuwa a ciki. Me ya hana ku dawowa ranar da aka ce?"

Lamba Goma ya dubi jinin da ke hannun rigarsa.

Nas ta fito da jaririn naɗe cikin tawul, ta miƙa wa uban. Tawul ɗin bai rufe shi duka ba, sawayen sun leƙo ta ƙasa, farare fat, fatar ta fara saɓulewa. Lamba Goma ya ɗora shi a cinya. Ya daɗe yana kallo. Can sai ya buɗe tafin hannu, ya aza babban yatsa a kan ƙoƙon gwiwar jaririn, ya miƙa ɗan ƙaramin zuwa diddige, yadda yake auna ƙarfe kafin ya yanka.

"Dogo ne," ya ce, ba da kowa ba.

Tsito ya sunkuyar da kai, ya ja sawayensa a hankali ya ɓoye su a ƙarƙashin benci.