Zarni a Shagon Alhaji Gali

Akwai hali guda da ya fi talauci cin mutum, wato ya ƙi yarda cewa ɓarna daga cikin gidansa ta fito. Wannan halin ne ya sa Alhaji Gali tela ya wayi gari wata Asabar a durƙushe tsakiyar shagonsa na unguwar Briqueterie a Yawunde, gwiwa biyu a ƙasa, gemu na sharar siminti, yana shinshina ƙafar teburin yanka.

"Nan ne," in ji shi. Ya ja gwiwa zuwa labulen ƙofa. "Nan ma. Wallahi nan ma."

Zarni ne ya cika shagon, irin mai shiga hanci ya sauka har maƙogwaro. Matarsa Kulsum tana tsaye a ƙofar da ta ɓulle cikin gida, riƙe da butar shayi.

"Alhaji, da ka tashi ka hutar da gwiwoyinka. Ga mai aikin can kwance kan keken ɗinki yana kallonka."

Mai aikin da take nufi Kwamanda ne, wani farin muzuru mai ƙaton kai. Kukun wani Bature ne a unguwar Bastos ya ba Alhaji Gali shi lokacin da maigidansa zai koma ƙasarsu. An kawo shi ne don ɓeraye masu cin yadi, amma tun zuwansa ba a taɓa ganinsa da ɓera a baki ba. Duk da haka ba baƙon da zai shigo shagon bai ji tarihinsa ba: a faranti ya saba cin kifi, Faransanci yake ji, bai san juji ba.

"Da idona na gani," in ji Kulsum. "Tun da Hussaini mai tsire ya kafa tukubarsa a kwana, magunan unguwa duka nan suke taro. Da wancan baƙin mai yagaggen kunne ya leƙo taga, sai naka ya juya wa bango baya, ya ɗaga wutsiya tana karkarwa, ya fesa. Jiya darduma, kafin nan takalmanka. Abin da ya tsira a shagon nan hoton shugaban ƙasa ne, shi ma don yana sama."

"Rufe bakinki!" Alhaji Gali ya leƙa titi da sauri. "So kike a zo a kwashe mu?"

"Na rufe. Amma a kai shi wurin likitan dabbobi a fiɗiye shi, a rufe tagar nan, ni kuma in wanke wurin da lemon tsami da toka."

"A fiɗiye Kwamanda?" Ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Ke dai ba ki da lura. Kyanwa a tsugune take fitsari, ta kuma tona ta binne, kowa ya san wannan. Dubi nan. A jikin bango yake, ya gangaro ƙasa. Wannan a tsaye aka yi shi. Aikin mutum ne."

Mutum kuwa guda ne ke kwana a shagon. Baba Njidda, tsohon Bafillace daga arewa, shi ke yin aikin hannu na wuyan riga. Sunan Gali ne a allon ƙofa, amma allurar Njidda ce ke kawo manyan mutane. A lokacin yana zaune kan tabarmarsa a kusurwa, yana cizge zare na ƙarshe daga wata shuɗiyar babbar riga da ya daɗe yana yi wa aska takwas.

Rigar ta Alhaji Mohaman Bello ce, dillalin shanu. Shi da kansa ya riƙo shaddar daga Makka, babu irinta a kasuwannin Yawunde. Da ita zai zauna a taron sunan ɗansa a Ngaundere, kuma da yammacin nan zai biyo ya karɓa kan hanyarsa ta zuwa tashar jirgi. Duk ɗinkin gidansa a shagon Gali ake yi, kuma inda ya kai ɗinki nan sauran dillalai ke binsa.

Alhaji Gali ya tsaya a kan tsohon, ya sassauta murya irin ta mai tausayi.

"Baba Njidda, tsufa ba abin kunya ba ne. Ga ruwan sama kullum, ga bayan gida da nisa, ga duhu. Na gane. Amma da ka ce a ajiye maka gwangwani."

Njidda ya ɗago kai a hankali. Hausarsa mai nauyi ce, bai cika magana ba.

"Ni, Alhaji?"

"To wa? Ni?"

"A tsaye?" in ji tsohon. "Tun ina yaro ban taɓa yi a tsaye ba, sai yau da furfura? A ɗakin da nake sallah?"

"Alhaji, ka ji tsoron Allah," in ji Kulsum.

"Ke koma wurin tukunyarki."

Njidda ya miƙe. Ya ninke rigar ya ɗora kan tebur. Ya tattara alluransa ya soke su a hula, ya ɗauki butarsa, ya naɗe tabarma ya sa a hammata. A bakin ƙofa ya ce, "Useko, Alhaji, na gode." Ya ratsa jar laka ya tsallaka titi, ya shiga shagon Alim tela, wanda ya daɗe yana zawarcin allurarsa.

"Kin gani? Mai gaskiya ba ya gudu," in ji Alhaji Gali.

Daga nan ya nufi kanti ya dawo da kwalbar ruwan jabel, wato bilic mai wanke asibitin Turawa, ba lemon tsamin ƙauye ba. Ko ruwa bai sirka ba. Ya kwarara a bango, a ƙafar tebur, a ƙafar kujera, har idanunsa na hawaye. Abin da bai sani ba, kuma ba zai tambaya ba, shi ne warin jabel yana jan kyanwa kamar warin kifi. Kwamanda ya diro daga kan keke, ya yi ta birgima a wurin, yana goga kumatu a ƙafar kujera, yawu na zuba.

"Ɗan gidan Turawa ke nan," in ji Alhaji cikin jin daɗi. "Ya ji ƙamshin gida."

Ya warware rigar Mohaman Bello ya yafa ta a bayan kujerar don ta sha iska, aikin ƙirji na rataye yana fuskantar ƙofa, kowa ya gani. Sannan ya tafi babban masallaci azahar, ya bar taga a buɗe, tun da Kulsum ce ta ce a rufe.

Ya dawo yana jan carbi. Da ya ɗaga labule, abu na farko da ya gani shi ne baƙin muzurun nan zaune a taga yana lasar hannu. Na biyu kuwa Kwamanda ne, ya juya wa rigar baya, wutsiya a miƙe tana karkarwa, ƙafafun baya na ɗan takawa. A tsaye yake cir, bai tsuguna ba, bai tona ba, bai binne ba. Ya fesa a gefen aljihu, dab da aikin zare, sannan ya wuce ta tsakanin ƙafafun Alhaji kamar wanda ya gama sa hannu a takarda.

Alhaji Gali ya fara waigawa ne ya ga ko akwai shaida. Akwai. Kulsum na bakin ƙofar ciki da kwanon abincinsa.

"Ashe Baba Njidda ya yi wutsiya," in ji ta.

"Tsorata shi aka yi. Laifin Hussaini ne da tukubarsa."

"To. Ba ni rigar in kai bayan gida in zuba mata ruwan sanyi, in bi da sabulu a hankali. Kafin la'asar ta bushe."

"Sabulu? Najasa ce fa, mai ƙarfi take so."

Kafin ta dire kwanon ya riga ya karkata kwalbar jabel a kan shaddar. Kulsum ta yi salati. Suna tsaye suna kallo shuɗin ya koma ruwan toka, ruwan toka ya koma fari. Tabo kamar tafin hannu, a ƙirji, wurin da idon duk mai gaisuwa zai fara sauka. Zarnin kuma yana nan, sai dai yanzu ya samu abokin tafiya.

Kulsum ta sunkuya ta duba da kyau.

"Dab da aikin yake. In Baba Njidda ya faɗaɗa tambarin nan ya sauko, zai rufe shi, har a ce ado ne. Akwai sauran rana. Tsallaka ka ba shi haƙuri, Alhaji. Kalma ɗaya ce, ba ta kisa."

Ya tsallaka, wannan kam a yaba masa. Ya tarar da Njidda a inuwar shagon Alim, an shimfiɗa masa sabuwar tabarma, ga shayi a gabansa, har an ba shi wuyan riga ya fara. Alim da masu zaman hira suka zuba masa ido. Alhaji Gali ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya dubi fuskokin da ke jira. Kalmar ta hau har bakinsa. Abin da ya fito shi ne:

"Baba Njidda, tashi mu koma. Na yafe maka."

Wani a cikin masu hira ya ƙware da goro. Njidda bai ɗaga ido daga allura ba.

"Allah ya saka da alheri. Me na yi?"

"A bar tone-tone. Abin da ya wuce ya wuce."

"Ka gano mai fitsarin?"

"Ana kan bincike."

"To idan an gama a aiko mini," in ji Njidda. "Nan bayan gidansu kusa ne."

Alhaji Gali ya koma shagonsa, ya hura garwashi, ya zuba turaren wuta, ya kifa kwando ya lulluɓa rigar a kai har hayaƙi na fita ta taga. Ya ninke ta da dabara, tabon a can ciki, ya ɗaure a takarda.

Bayan la'asar taksi ya tsaya a ƙofa. Alhaji Mohaman Bello ya shigo da fara'a, ya miƙa hannu, sai ya ɗan ja baya yana taɓa hanci.

"Alhaji Gali, haihuwa aka yi a shagon nan ko rasuwa? Ina Baba Njidda?"

"Ya fita shan iska. Ga rigarka, kada jirgi ya bar ka. Sai ka buɗe a gida."

"Ni da ko saniya ba na saye sai na duba haƙoranta?"

Ya kwance, ya kama kafaɗun rigar ya girgiza. Ta buɗe gaba ɗaya. Ya daɗe yana kallon farin tabon. Ya kai shi hanci, ya janye da sauri.

"Mene ne wannan?"

Ga ƙofa ta ƙarshe a buɗe. Da Alhaji Gali ya ce muzuruna ne, ni kuma na ƙara da wautata, da wataƙila dillalin ya yi faɗa ya huce, don mutum ne mai dariya. Amma Alhaji Gali ya kama gefen yadin yana murzawa tsakanin yatsu kamar masani.

"Gaskiya, Alhaji, shaddar ce ba ta da kyau. An cuce ka a Makka."

Mohaman Bello ya dube shi daga hula har takalmi. Ya saki rigar a kan tebur.

"Riƙe ta. Kai ta dace da kai."

Bai shiga taksin ba tukuna. Sai da ya tsallaka titi, ya durƙusa ya gaida Njidda, suka yi magana da Fillanci, Alim na tsaye yana warware tef ɗin awo da murmushi har kunne.

Ga abin da Alhaji Gali ya rasa kafin magaribar wannan rana: shaddar da ba a samun irinta, allurar da ke ciyar da shagonsa, Mohaman Bello da duk dillalan da ke bin bayansa, darduma guda, takalma ƙafa biyu, da damar zama a majalisar kwana ba tare da wani ya tambaye shi ko an gama bincike ba. Abin da ya rage masa rabin kwalbar jabel ne da Kwamanda, wanda ya hau tebur ya zagaya, ya kwanta a kan rigar, ya lumshe ido.

Kulsum ta leƙo da fitila.

"Alhaji, gobe a kai shi wurin likitan?"

"A kan wane laifi?" in ji shi.